Ƙarar da Muka Ɗora wa Injin Casa

Can shekarun baya, a wata kakar tumatir, likitoci suka gano mahaifiyata tana da ciwon daji a mahaifa. Bari in fara kwantar muku da hankali: tana nan da ranta, shekaranjiya ma sai da ta yi min faɗa wai na cika gishiri a miya. Ciwon ya tafi, alhamdulillahi. Abin da ya tafi tare da shi ne har yau in na tuna sai in ji raina yana tafasa.

Mu 'yan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, don haka babban yayanmu shi ne uban gida. Noman rani yake yi, tumatir da albasa, in damina ta faɗi ya koma shinkafa. Inna kuwa turara shinkafa ce sana'arta tun muna yara, kuma a bayan katangar gidanmu akwai injin casa, wanda in ya tashi da safe ba ya yin shiru sai rana ta yi sanyi. Ni aure ya kai ni Kumbotso. Shi ya sa da aka ce za a dinga kawo Inna babban asibiti a birni, gidana ya zama masauki, ni kuma na zama 'yar jinya.

Ranar da za a yi bayanin magani, likita ya leƙo ya tambaya ina babban namiji a cikinmu. Yaya ya miƙe ya shiga, aka ja ƙofa. Ni da Inna muka zauna a benci, ina rungume da filas da tabarma kamar wadda ta zo rakiya. Dama tun a mota, da Inna ta ɗan yi gyangyaɗi, Yaya ya kafa min doka cewa kada wanda ya kuskura ya gaya mata sunan ciwon. Haka ake yi a wajenmu, kowa ya sani. Ana ganin in mara lafiya ya ji sunan abin da ke damunsa, tsoro zai kayar da shi kafin ciwon ya kayar da shi. Likitan ma sai da Yaya ya roƙe shi ya rufe bakinsa. Da ya fito na tambaye shi me aka ce, sai ya ce ruwan magani za a dinga ƙara mata duk bayan 'yan makonni, za ta yi amai, gashi zai zube, sai haƙuri da addu'a. Iyakar abin da ya fito da shi daga ɗakin nan ke nan.

Aka fara. Wanda bai taɓa zama kusa da mai shan wannan magani ba, Allah ya sa kada ya zauna. Kemo suke ce masa. Ana rataye leda a bar ta tana ɗiga cikin jijiya wuni guda, a dawo gida mutum ya kasa haɗiyar ko ruwa. Inna ta rame, gashinta ya dinga biyo mataji. Duk wannan an gaya mana, mun shirya masa. Duk zuwan da muka yi kuma, nas za ta zo da fara'arta ta ce, Mama ya jiki? Inna ta ce da sauƙi. Ku da kuka san tsofaffinmu, kun san ko ƙafa aka yanke musu, in ka ce ya jiki, da sauƙi za su ce maka. Nas ta ɗaga kai ta wuce gado na gaba.

Bayan an yi mata ƙarin ruwan kamar sau biyu, na bi ta ƙauye in kwana biyu da ita. Ranar Juma'a ce, muna zaune a tsakar gida, sai ta ce min in aika a roƙi mai injin nan ya ɗan sassauta, kanta zai rabe. Na kasa kunne. Garin tsit yake, maza duk sun tafi masallaci, injin ma a rufe yake da kwaɗo. Na gaya mata. Ta ce to ita dai tana jin wani abu yana yi mata shuuu a kunne, ba dare ba rana.

Da Yaya ya dawo na same shi da maganar. Dariya ya yi, irin dariyar babba ga yaro. Ya ce duk wanda ya tashi a ƙasar nan akwai inji a cikin kansa. Shi kansa in ya wuni a gindin injin ban ruwa, da ƙarar yake kwana, har a mafarki yana jin ta. Ya ce matar da ta shekara talatin tana maƙwabtaka da injin casa, in ba ta ji ƙara ba wa zai ji? Ya aika kemis aka sayo maganin ɗigawa a kunne, matarsa kuma ta kawo man zaitun. Gaskiya maganarsa ta shiga hankali, don ba wanda ya tashi a bakin kanal da zai musa ta. Inna tana zaune tana jin sa. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya tana ja-in-ja da shi a kan kunnenta. Daga ranar ba ta ƙara ambaton ƙarar ba.

Aka ci gaba da ƙarin ruwa. Sai wata sabuwa ta ɓullo daga inda ban zata ba. A wajen wani suna a ƙauyen na ji mata suna ƙus-ƙus, ina matsowa su yi shiru. Da na matsa wa wata 'yar ƙanwar babanmu, sai ta fasa min ƙwai. Wai ana cewa tun da Inna ta fara zuwa asibitin birni ta koyo girman kai. Mata su haɗu su je dubiya, su yi ta sannu, ta bi su da ido kawai. Amma da zarar namiji ya yi gyaran murya daga zaure, kafin ya rufe baki ta amsa. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne na aminiyarta, wadda muke ce wa Gwaggo, matar da suka taso tare tun suna 'yan mata. Gwaggo ta dama kunun tsamiya ta kai mata, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta sallama, Inna ta ba ta baya tana tsintar shinkafa, ko motsi. Ana cikin haka kawunmu ya yi sallama daga waje, Inna ta amsa da ƙarfi har da maraba. Gwaggo ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya.

Wanda ya san ni ya san ba na iya haɗiye magana. A tsakiyar gidan sunan nan na tashi na wanke su tas. Na ce matar da ke fama da ranta, abin da ya dame ku shi ne ba ta amsa muku sannu da irin muryar da kuke so ba? Na faɗi na faɗa, na faɗi wanda bai kamata ba, har shinkafar da aka zuba min na bari na fita. Yau in na tuna yadda nake ta ɗaga hannu mayafi yana zamewa, ni kaina dariya nake ba kaina.

A hanyar gida fushin ya ɗan lafa, sai lissafi ya shigo. Na tuna kwanan nan in na kira ta a waya sai ta miƙa wa wani ta ce layin ba kyau. Na tuna in muna hira ba idona take kallo ba, bakina take kallo. Da na shiga gida na same ta tana alwala ta ba ni baya. Na tsaya kusa da ita, kusan in taɓa ta, na ce Inna. Shiru. Na ƙara ɗaga murya. Shiru. Sai ga Yaya ya shigo yana yi wa wani yaro faɗa a can bakin zaure, ba ma da ƙarfi ba, nan take ta waiwaya. Ashe ba raini ba ne, matar nan ba ta jin muryar mata.

Zuwan asibiti na gaba ya faɗo daidai lokacin da motocin kudu suka zo ɗaukar tumatir, Yaya ba shi da lokacin ko sosa kai. Ya ce in kai ta ni kaɗai, ai na san hanya. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakin likitan nan da ƙafata. Kafin ya ce komai na zayyana masa ƙarar, da maganar waya, da abin da na gani ranar alwala. Ya ajiye biro. Ya tambaye ni ina sakamakon awon jin da ya ce a yi mata kafin a fara magani.

Na ce wane awo?

Sai ya ce tun ranar farko ya gaya wa yayana cewa wannan maganin yana da ƙarfi a kan ciwon, amma yana iya taɓa kunne. Ya ce a kai ta sashen kunne a auna jinta kafin a fara, a dinga maimaitawa ana tafiya, kuma da zarar ta ji ƙara ko ta ga jinta ya ragu, a gaya musu tun kafin ƙarin ruwa na gaba, don ana iya rage maganin ko a canza shi.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na ce, "Likita, mai kunnen tana zaune a benci a bakin ƙofarka ranar nan. Ka rufe ƙofa ka gaya wa wanda ba kunnensa ba ne. Sau nawa muka dawo nan? Jininta kuna aunawa, nauyinta kuna aunawa, ba wanda ya taɓa cewa ina awon kunnen da aka ce ku yi. Sai dai Mama ya jiki."

Ya ce danginta ne suka roƙa kada a yi mata bayani. Na ce an roƙe ka ka ɓoye mata sunan ciwo, ba a roƙe ka ka ɓoye mata kunnenta ba. Ya dubi tulin mutanen da ke jira a waje. Na san suna da yawa, na san shi kaɗai ne a kansu, kuma ban ce mugu ba ne. Amma yawan jama'a bai hana su tambayar awon jini ba. Abu ɗaya da zan yaba masa, bai yi min gardama ba. Ya ce yau ba za a ƙara mata komai ba sai an auna.

Sashen kunnen yana can wani lungu na asibitin, sai da muka yi ta tambaya. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, da gilashi a jiki. Aka zaunar da Inna a ciki, aka sa mata abin jin sauti a kunnuwa biyu, aka ce duk sanda ta ji wani ɗan sauti ta ɗaga hannu. Ni ina tsaye a bayan mai awon ina kallonta ta gilashi. Da farko tana ɗagawa, har da murmushi, kamar wasa ake yi. Can sai na ga mai awon yana ta danna abinsa, Inna tana zaune hannunta a cinya, tana jiran a fara. Ya ƙara ƙarfi, tana nan tana jira. Ba na mantawa da wannan zaman nata.

Da aka gama, mai awon ya yi min bayani a hankali. Ya ce maganin siraran sauti yake fara cinyewa, irin kukan tsuntsu, da muryar yara, da ta yawancin mata. Murya mai kauri ita take daɗewa. Ƙarar da ta yi ta ji kuwa ita ce gargaɗin farko da kunne ke bayarwa. Na tambaye shi nawa ne maganin ya ci, nawa ne kuma na tsufa da injin casa. Ya ce ba zai iya rabewa ba, tun da ba a auna ta tun farko ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi. Na ce to yaushe jin nata zai dawo? Ya ce abin da ya rage shi za a yi ƙoƙarin tsarewa. Wanda ya tafi, yawanci ba ya dawowa.

Washegari na bar Inna a gidana na hau mota zuwa ƙauye. A gona na sami Yaya, tsakanin kwanduna, ana ta lodi. Ban ko bari ya gama amsa gaisuwa ba. Bai musa ba. Ya ce eh, likita ya yi wata magana a kan kunne, amma shi ya ga ciwo yana mara, me ya kai mu kunne? Layi daban, rana daban, ga tumatir ba ya jiran kowa. Ya ɗauka irin dogon turancin asibiti ne. Ya ce, "Rai muke nema mata, ke kina maganar kunne."

Na ce, "Yaya, da an ce maka injinka zai fara wata ƙara kafin ya ƙone, ka ji ƙarar, za ka ce ai dama haka injuna suke? A ranar za ka kashe shi ka nemo makaniki. An gaya maka ƙarar, ta zo ta faɗa, ka sayo mata maganin ɗigawa."

Masu lodi duk sun tsaya suna kallonmu. A wajenmu ƙanwa ba ta yi wa yayanta haka a gaban mutane, na sani, kuma ban fasa ba. Na ce masa daga yau ni zan dinga shiga ɗakin likita, kuma da Inna zan dinga shiga, in ya ga dama ya kai ƙarata wajen kawu. Ya cire hularsa ya zauna a kan wani kwando da aka kifa.

Da na koma gida na zauna a gaban Inna, daf da fuskarta, na gaya mata komai, har sunan ciwon. Ina ta shirin riƙe ta in ta faɗi. Ko gezau. Ta ce, "Ai na daɗe da sani. Kuna ganin mace za ta ga gashinta a mataji, ta ga irin mutanen da ake kwantar da ita a cikinsu, ta kasa ganewa? Na yi shiru ne don kun fi son in yi shiru. Abin da ban sani ba shi ne ƙarar nan abin faɗa ce. Da an ce min in faɗa, da na faɗa wa yarinyar nan mai sa min ruwa tun ranar da ta fara."

Wannan maganar ita ce ta fi komai yi min ciwo. Mun taru mun ɓoye mata abin da ta riga ta sani, a garin haka muka ɓoye mata abu ɗaya tak da take bukatar sani.

Likitan ya canza mata zuwa wani maganin da ya ce ya fi sauƙi ga kunne, kuma daga nan ba a ƙara rataya mata leda ba sai an fara shigar da ita ɗan ɗakin nan mai gilashi. Jin nata ya tsaya a inda ya tsaya. Da ta samu ƙarfi, da kanta ta taka har gidan Gwaggo. Ban je ba, amma an ce sun sha kuka. Yanzu in Gwaggo ta zo ba ta tsayawa a ƙofa, shiga take ta dafa mata gwiwa, ta zauna inda za ta ga bakinta. Matan da na wanke a gidan suna kuwa, wasu sun zo sun ba Inna haƙuri, wasu har yau in mun haɗu gaisuwar sama-sama ce, ni ma ban matsa ba. Yaya shi ya nemo mata na'urar ƙara ji. Takan sa in za a yi baƙi, in sun tafi ta cire, wai ba abin da take ƙaro mata sai ƙarar kwanuka. Mun shirya da shi tuni, ɗan'uwa ba abin yarwa ba ne. Amma ban taɓa ce masa ba komai ba, don da komai.

Abin da nake so in bar muku shi ne, in kuna jinyar wani a kan irin wannan magani, ku tambaya ko yana taɓa kunne, ku nemi a auna kafin a fara, ku kuma tsaya a kan a dinga maimaitawa. Kada ku yarda da da sauƙin tsoho. Ku tambaye shi dalla-dalla, kana jin ƙara? Kana jin yara in suna magana? Sannan don Allah ku shigar da mai jikin cikin ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an gaya masa cewa yoyon abin faɗa ne. Mu mun ɗauka tausayi muke yi mata.

Bayan an gama duk wannan na haifi 'yata ta ƙarshe. Inna ce ta yi mata wankan farko, a bayanta ta yi wayo. Yanzu ta shiga makaranta, bakinta ba ya rufuwa. Ba wanda ya koya mata, ita da kanta ta gane cewa in tana son kakarta ta ji ta, sai ta sunkuyar da haɓa ta kumbura murya kamar wani dattijo. Haka take gaishe ta, haka take biya mata karatun allo, mutane suna ta dariya, Inna ma tana yi.

Kwanaki muna zaune, yarinyar tana can tsakar gida tana wasa da ƙawayenta, tana ta zuba surutu da muryarta ta ainihi. Inna ta daɗe tana kallonta. Sai ta taɓo ni ta ce, wai in ba ta kwaikwayon mazan nan, yaya muryarta take?

Na buɗe baki zan kwatanta mata, na rasa ta inda zan fara. Har yau ban ba ta amsa ba.